Saran Juna a Akurkin Kaji, da Abin da Ya Sami Wani Magidanci a Doma

Saran juna ɗabi'a ce da ke bayyana a tsakanin kajin da aka tsare wuri guda. Kaza kan sa baki ta figi gashin 'yar'uwarta, daga figa ta koma tsaga fata, in ba a farga ba ta dangana da nama. Ba cuta ce da ƙwayar cuta ke kawowa ba, don haka Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda ke sarrafa riga-kafin cututtukan kaji iri-iri, ba ta da allurarta. Kajin Hausa masu yawon bola ba su cika yin ta ba, domin wadda aka sara tana da inda za ta ruga. Abin ya shigo gidaje ne tare da kajin gidan gona, masu ƙwai da burola da maja, waɗanda ake sayowa a kwali tun suna 'yan tsaki, a rufe su a ɗaki.

A Doma, garin Alago da ke kudu maso yammacin Lafiya, irin wannan kiwo yana da sauƙin shiga rai. Ƙasar noma ce, ga doya, ga riɗi, ga shinkafar da ake nomawa har zuwa Rukubi, ga injinan casa a Lafiya da ke zubar da ɓuntu tsibi-tsibi. Mutum ya dubi dusa da ɓuntu kusan a ɓagas, sai ya ga kamar kaza ba ta bukatar komai sai addu'a. Misalin da za a riƙa kawowa a nan na wani magidanci ne ma'aikacin gwamnati, wanda kusancinsa da mai wannan rubutu ya kai suna sa hula ɗaya. Ya yi lissafin ribar kowace kaza a bayan ambulan, ya ninka da tamanin, ya je Lafiya ya dawo da maja tamanin. Faɗin ɗakin da zai zuba su ne kaɗai bai shiga ambulan ɗin ba.

Kafin a kai ga faɗin ɗaki, sai an fahimci cewa kaji suna da sarauta. Wani masanin dabbobi ɗan ƙasar Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, wanda ya fara kallon kajin gidansu tun yana yaro, shi ya bayyana tsarin a rubuce a farkon shekarun 1920. A kowane garke akwai kazar da ke saran kowa ba mai saranta, akwai mai bi mata, haka har zuwa ta ƙarshe, wadda kowa ke sara ita kuwa ba ta da wanda za ta huce a kansa. Irin wannan sara a ka yake sauka, a zanko ko a ƙeya, kuma gajere ne. In ƙarama ta sunkuyar da kai ta kauce, magana ta ƙare. Tsarin zaman lafiya ne, da sharaɗin akwai wurin kaucewa. Inda babu, ƙarama takan kauce wa wata ta faɗa kan wata, kowacce kuma ta ɗauka raini ne.

Magidancin bai san da wannan ba. Da ya ga kaji sun fara sanƙo, sai ya ɗauki kujera 'yar tsugunno ya zauna a ƙofar ɗakin yana bincike, har ya gano wata jar kaza mai faɗin ƙirji da ke raba sara hagu da dama. Aka yanke mata hukunci, aka ci ta da tuwon shinkafa. Kashegari wata baƙa ta hau gadon sarautar, ta kuwa fi marigayiyar zafin baki, domin sabon mai mulki sai ya nuna wa kowa matsayinsa daga farko. Cire kaza mai yawan sara yana da amfani in ita kaɗai ce ta koyi ɗabi'ar, amma kowane cirewa da kowane ƙari yana sa a sake rabon muƙamai, kuma da baki ake rabon.

Ma'aunin da masu kiwo suka saba bi shi ne manyan kaji biyar zuwa shida a kowace murabba'in mita, in a ƙasa suke bisa ɓuntu ko dusar katako. A wuri mai zafi gwamma a tsaya a biyar ko ƙasa da haka. Ɗakin magidancin, tsohon ɗakin ajiyar doya ne, mita biyu da mita uku, wato gidan kaji talatin. Abin da ke ruɗar sabon mai kiwo shi ne 'yan tsaki tamanin a kwali ba su cika ko kusurwa ɗaya ba, har mutum ya ji haushin bai ƙaro ashirin ba. Kaza kuwa girma take yi, ɗaki ba ya yi. Zuwa mako na takwas, wanda ya buɗe ƙofar ba ya ganin daɓe, sai kawuna. Haka mazubin abinci: kowace babbar kaza tana son wajen santimita 10 na bakin mazubi, don duka su ci a lokaci guda. Faranti biyu ga kaji tamanin na nufin manya su ci su ƙoshi, ƙanana su tsaya a baya suna kallon jelar na gaba, kuma kazar da ta daɗe tana kallon abu, ƙarshenta sai ta ɗanɗana.

Zafi yana ƙara wa abin ƙaimi. Kaza ba ta gumi, zafin jikinta kuma yana wajen digiri 41 tun asali, sai ta buɗe baki tana haki tana sassauta fiffike. A watannin Maris da Afrilu, kafin ruwa ya sauka a kwarin Binuwai, ɗakin kwano maras taga yakan gasa ko mutum, balle mai gashi. Haske ma haka. Masu ƙwai ba sa bukatar fiye da awa 16 na haske a yini, kuma mai dishi-dishi ya wadatar. Wani abokin aiki ya gaya wa magidancin cewa in kaji suna gani da dare za su ci su yi ƙiba, sai ya cire ƙwan sola daga ɗakinsa ya maƙala musu. Suka samu damar yin aikin dare. Shi da iyalinsa suka koma tocila.

Sai abinci, kuma nan ne zancen ya fi daɗin bi. Gashin kaza kusan dukansa furotin ne. Kaza mai tasowa ko mai ƙwai tana bukatar abincin da furotin ɗinsa ya kai kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, dusar masara tsurarta kuwa ba ta kusa da haka. In buhun abincin kanti ya yi tsada, mai kiwo ya fara sirka shi da dusa, yau kwano ɗaya gobe kwano uku, kaza takan nemi cikon a wuri mafi kusa, wato a bayan maƙwabciyarta. Alamar ita ce ɗaki cike da kaji masu sanƙo amma ba gashi ko ɗaya a ƙasa, duk an haɗiye. Cikin sinadaran furotin akwai wanda ake kira metiyonin, wanda ƙarancinsa ya fi alaƙa da figar gashi. Ƙarancin gishiri ma yana jawo ta, amma ɗan kaɗan ake so, bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na abinci ba. In aka zabga, kaji su yi ta shan ruwa suna zawo, in ya yi yawa su mutu. Ana cike giɓin furotin da ƙuli-ƙuli maras yaji, da soyayyen waken suya, da garin kifi. Tunkuzar riɗi kuwa tana cikin abincin tsiro mafi yawan metiyonin, kuma riɗi a Doma ba baƙo ba ne.

Kajin magidancin sun gano wannan kafin shi. Ran da aka ba shi shawarar ya riƙa sakinsu su sha iska, shawara mai kyau in akwai shinge, ya buɗe ƙofa ya tafi ofis. Maƙwabciyarsa, dattijuwa mai sana'ar riɗi, ta baza shanyarta a tabarmi a bayan danga. Da ya dawo ya tarar da ita zaune a zaurensa da tabarmar a naɗe. Ta ce, "Ɗan nan, sannu da aiki. Baƙinka sun zo, sun ci, ba su yi sallama ba." Ya ce, "Inna, a yi haƙuri, dabba ce." Ta ce, "Dabba ce, shi ya sa ban zo wurinta ba." Aka auna abin da ya rage, aka ƙiyasta abin da ya tafi, ya biya da kuɗin mudu na ranar kasuwa. A makon nan figa ta ragu ƙwarai, sai dai babu littafin kiwon da zai ba da shawarar wannan hanya, saboda tsadarta.

Akwai kuma zaman banza. Kazar da ke sake takan ɓata mafi yawan yininta tana tono da tsattsaga, wadda aka tsare kuwa takan cinye abincinta cikin ɗan lokaci ta rasa aikin yi. Ana rataya musu damin ganyen zogale ko rogo mai daɗi ko alayyahu daidai tsayin kai, a watsa ɗan tsaki cikin ɓuntu su yi ta nema, a kawo musu gara, a ajiye kwatanniyar yashi da toka don birgima, wadda ke rage musu ƙwarƙwata. Sandunan hawa ma suna ƙara faɗin ɗaki ta sama.

Raunukan sun bambanta. Na zanko yana zubar da jini da yawa amma yakan warke da wuri. Na baya da gindin jela yakan faɗaɗa. Mafi haɗari shi ne na mafitar ƙwai: lokacin da kaza ta saki ƙwai, jan naman wurin yakan leƙo na ɗan lokaci, in wata ta gani ta kai baki, kafin a ankara an jawo hanji. Shi ya sa ake yin wurin saka ƙwai mai duhu, ɗaya ga kaji huɗu ko biyar. Ƙa'idar da ta haɗa duka ita ce kaza tana ganin launi sarai, kuma ja yana kiranta. Ɗigon jini ɗaya ya isa ya tara jama'a.

Saboda haka abu na farko shi ne a fitar da mai rauni nan take, a wanke wurin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a shafa shuɗin maganin nan da ake kira jibi, wanda ke busar da ciwo ya kuma ɓoye jan. Abin da ba a yi shi ne shafa manja. Magidancin ya tuna ana shafa wa yara manja a ƙuna, ya dangwalo daga kicin ya mulke bayan wata kaza da shi, ya mayar da ita cikin 'yan'uwanta tana ƙyalli, ja wur, ga ƙamshi. Uwargidansa da ta leƙo ta ga turmutsutsun ta ce, "Baban Ummi, saura albasa da magi." Daga nan ya koma ga jibi. Ya kamata a sani cewa riƙe kaza da hannu ɗaya da buɗe kwalba da ɗayan aikin mutum biyu ne, cewa kaza tana bugun fiffike, kuma jibi ba ya fita daga fata sai ya ga dama. An ga magidancin a sahun Juma'a da shuɗin gemu, mutane suna yi masa sannu ba tare da sun tambayi me ya faru ba.

Mai jinya takan zauna a kwando ita kaɗai har ciwon ya rufe gashi ya fara tsirowa, a wurin da kare da muzuru ba za su kai gare ta ba. Banɗaki bai dace ba, ko da yana da ƙofa, musamman a gidan da baƙi ke kwana. In ta warke, da dare ake mayar da ita, a kuma sa ido da safe, domin 'yan'uwanta sun riga sun raba muƙaminta.

Manyan gonaki sukan rage tsinin baki tun kaji suna ƙanana, a cire abin da bai wuce sulusin bakin sama ba da ƙarfe mai zafi ko na'ura. Baki yana da jijiyoyi, aikin yana da ciwo, har ƙasashe irin su Norway da Suwidin suka hana shi tun kafin 1990. In za a yi, aikin wanda ya iya ne, ba na mai abin yankan farce ba. A Amurka an taɓa bin wata hanyar. A 1903 wani mutumin jihar Tennessee ya yi rajistar tabarau na kaji don kare musu ido daga sara, daga baya aka ƙera masu jan gilashi, wai in duniya duka ta zama ja, kaza ba za ta bambance jini ba. An sayar da su sosai a zamaninsu. Allah Ya rufa asiri, labarin bai iso Doma a lokacin da magidancin ke karɓar shawara ba.

Duk waɗannan dabaru rage zafi suke yi. In ɗakin kaji talatin yana ɗauke da saba'in da wani abu, sai dai a ƙara ɗaki ko a rage kaji, kuma bulo da kwano sun fi wuƙa tsada. Likitan dabbobin da aka kira a ƙarshe bai buɗe jakarsa ba. Ya leƙa ɗakin, ya ja da baya saboda warin kashi da ya bugi idonsa, ya ce a sayar da rabi. Ragewa ma tana da ƙa'ida. Ana fara fitar da zakaru, don zakara ɗaya ya ishi kaji goma, maja kuwa in an saye su a gauraye kusan rabi zakaru ne. Ana kuma duba lokaci: a Doma, inda Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya, kaza tana daraja gab da Sallah da gab da Kirsimeti. Wanda cunkoso ya tilasta wa sayarwa a tsakiyar bazara ba shi da wannan gata, kuma kaza mai sanƙo da shuɗin baya ba ta da baki a ciniki. Dillalin da ya ɗaga ta farko ya juya ta, ya hura abin da ya rage na gashinta, ya ce, "Alhaji, wannan ai an fara fige ta, sai in rage maka kuɗin ruwan zafi." Ya sayi kaji arba'in a kan farashin da ya yanka da kansa, ya kuma nemi a ba shi kwandon.