Zuwa ga Bazazzage Mai Sabuwar PS5

Bawana, barka da sabon kaya. Tun kafin ka kira ni labari ya iske ni a Kubwa cewa ka shiga Banex a Wuse 2, ka fito rungume da PS5 kamar mai jego da jariri. Da ma ba a banza ake ce muku Zagezagi ba: aljihun ka zazzage kaf, har kuɗin cefanen uwargida.

Da na zo ranar Asabar, rabin awa ka yi kana nuna mini gumin goshin mutumin cikin gem. "Dubi hoto, Bakano! Dubi gashin gira!" Na duba, ya yi kyau, Allah ya sanya alheri. Sai muka sa Mortal Kombat 1, na ɗauki Scorpion, na lallasa ka sau bakwai a jere. Gashin girar bai tare maka ko naushi ɗaya ba.

To zauna, ubangidanka ya karantar da kai. Mu da muka tashi a gidajen gem na unguwa, inda ake layi a kan benci a gaban PS2, wanda aka ci ya miƙa pad ga na bayansa, ba hoto muke bi ba. Hannu muke bi. Idan sabon fitowa ya zo, abin da muke fara gwadawa shi ne ko yatsa zai tarar da abin da ya saba, ko in ka danna, bugun zai fita nan take ba sai ya yi shawara ba. Tun 1992 da Ed Boon da John Tobias suka fitar da Mortal Kombat, Scorpion yake jefa mashin nan mai igiya yana fizgo mutum. A 1995 aka yi gangancin fitar da kashi na uku babu shi. Masoya suka tayar da ƙura, shekarar ba ta ƙare ba sai da aka dawo da shi a Ultimate Mortal Kombat 3. Ka ga, mutum ɗaya mai rawayar riga ya fi musu duk wani sabon fenti.

Haka masu Call of Duty suka sha a 2016, da suka kai yaƙin sararin samaniya a Infinite Warfare. Hoto kam sai wanda ya gani, amma tallansa a YouTube ya sha tofin Allah-tsine daga miliyoyin mutane. Da shekara ta zagayo sai ga su sun sauko ƙasa da Yaƙin Duniya na Biyu, soja da takalminsa da bindigarsa. Ko Kratos na God of War, da ya ɓullo a 2018 da gemu da gatari da ɗa a gefe, ran tsofaffin 'yan wasa bai kwanta ba sai da ya je ya tono wuƙaƙensa masu sarƙa na 2005.

Amma fa in yi maka adalci, akwai fannin da ka gagare ni: ja da baya. Duk zagayen nan bakwai, kana manne da ƙarshen allo kana tsalle. Ban ga laifinka ba, gado ne. Sarkinku Muhammadu Makau da jihadi ya matso, barin Zariya ya yi ya nufo Zuba, nan gaba da gidana kaɗan. Ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja, daga baya aka ari sunan aka laƙaba wa babban birni. Wato da ba ku iya gudu ba, da yanzu ban san sunan garin da nake biyan haya a ciki ba. Na gode.

Uzurorinka ma na haddace su. Na farko pad sabo ne bai saba da hannunka ba. Na biyu an ɗauke wuta. Na uku yaro ya gifta ta gaban talabijin, alhali yaron yana Samaru wajen kakarsa.

Asabar mai zuwa ka zo Kubwa. Tsohuwar PS2 ɗina na nan, sai an kifa ta take karanta faifai, mutanen ciki kuma fuskarsu kamar an sassaƙa da gatari. Ka taho da man janareto, tun da kai ne mai kuɗi. Ni zan tanadi gurasa, da kujerar da za ka zauna bayan ka miƙa wa ɗana pad.