Kamba da Sharrinta a Hanyar Jibiya

Kamba, a bakin kanikawa, ita ce karkatar da ƙafar mota ke yi idan aka tsaya a gabanta aka dube ta, kuma tana cikin abubuwan da ake dubawa wajen alaimen, wato daidaita tsayuwar ƙafafu huɗu. Idan saman tayar ya karkata ciki, ƙasanta ya buɗe kamar mai gwame, gefen ciki ne ke cinyewa. Idan kuwa saman ya leƙa waje, gefen waje ne ke suɗewa, motar kuma ta riƙa jan sitiyari zuwa ɓangaren da leƙen ya fi yawa. A yawancin ƙananan motoci karkatar ba ta wuce digiri 1 da kaɗan ba, wanda a kan rim mai inci 14 yake kimanin milimita 6 tsakanin sama da ƙasa.

A hanyar Katsina zuwa Maraɗi, wadda ta ratsa Magamar Jibiya ta shiga Ɗan Isa, wannan ilimi bai tsaya ga kanikawa ba, domin jami'an shinge ma sun san motar da ta sha lodi bayanta kan zauna, ƙafafunta su baje. Wani malamin makaranta ya gane haka bayan ya sayi wata kwance wadda ta yi aikin fiton shinkafa a lokacin rufe iyakar da aka fara a Agustan 2019, sifirin ɗinta ya gaji har ta saba zama ko babu komai a cikinta. Duk shingen da ya isa sai a tsayar da shi, a ɗaga kujera, a ƙwanƙwasa tanki, a fito da safaya, a ƙarshe a sami buta da darduma da takardun jarrabawar ɗalibai, a sallame shi da kallon wanda wayonsa ya fi ƙarfin bincike.

Da abin ya ishe shi sai ya kai ta wurin wani bakanike a gefen titi, wanda ya ɗaura noti a bakin zare ya sake shi a jikin rim, dabarar da babu laifi a cikinta in da ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Sai dai motar na tsaye a gangare, tayar dama kuma iskarta ta ragu, saboda haka zaren ya faɗi gaskiyar gangaren ya ɓoye ta motar. Bakaniken ya kwance notunan shokozoba na gaba, ya turo saman ƙafar dama waje iya ƙarfinsa, ya ɗaure, ya ce: "Malam, yanzu ko ka saki sitiyari ita za ta kai ka gida."

Malamin ya gaskata, ya kuma gwada, kuma ya zaɓi yin gwajin daf da wani shinge, inda motar ta ja dama ta sauka kan wani burtali da 'yan fito suka daɗe suna bi, ta kafe a yashi a gaban idon jami'ai. Binciken ranar ya kai har cikin ƙofofi, fitar da ita kuwa sai da shanun amalanke.

Ƙa'idar dai ita ce a fara canza sifirin da bushin da boljoyin da suka mutu, a daidaita iskar tayoyi, a sauke kaya, a tsayar da mota a daɓe mai shimfiɗa, sannan a auna ƙafafun biyu a kwatanta. Wanda ya tsallake waɗannan zai biya kuɗin alaimen sau biyu, ya kuma ƙara da na masu shanu.