Yadda Rumawa Suka Tuɓe Mini Hula

Mutanen Kaura Namoda, tun daga shekarar 1929 da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya, ta ratsa Funtuwa da Gusau, ta zo ta tuƙe a garinmu ba ta ƙara ko taku ɗaya ba, sun ƙudurce cewa nan duniya ta ƙare, wanda kuwa ya zauna a ƙarshen duniya babu sauran abin da zai ba shi mamaki. Da wannan aƙida na sauka birnin Rum bisa gayyatar ɗan ƙanwata da ke karatu a can. Kafin in tashi malaman zaurenmu sun yi ta taƙaddama a kan ko ita ce Rum ɗin da aka ambata a sura ta 30, har wani dattijo mutumin Zurmi ya warware cewa waɗancan Rumawan na Kustantiniyya ne. Ya kuma karanta mini hukuncin ƙasaru da na taimama daki-daki, amma bai ce kome ba game da hula, alhali can fitinar take.

Birnin yana da majami'u fiye da 900, yaron kuwa ya ce wanda bai shiga ba bai ga Rum ba, domin a cikinsu ne gwanayen zane da sassaƙa suka zuba fasaharsu. Na auna mas'alar, na ga shiga don ɗaukar ibra ba ta da aibi. Da muka isa ƙofar ta farko, sai na yi abin da kowane ɗan halas zai yi a bakin ɗakin ibada, ko da na wasu ne: na tuɓe takalmana na jera su gefe, na gyara zaman ƙubena, na shiga da natsuwa. Ban yi nisa ba wani dattijo mai kula da wurin ya taro ni, yana nuna kaina, yana nuna ƙafata, ni kuwa, da yake na san aikin da aka yi wa hular, na sunkuyar masa da kai don ya ƙare mata kallo.

"Kawu," in ji yaron cikin raɗa, "cewa ya yi ka tuɓe hula, ka sa takalmi."

Inna lillahi! A ƙasarmu, magidanci mai furfura ba ya buɗe kansa sai gaban wanzami ko a Arfa. Na kafa hujja cewa Annabi Musa, alaihis salam, takalmi aka umurce shi ya tuɓe a kwari mai tsarki, kuma wannan yana cikin Attaurar da ke hannunsu, babu inda aka ambaci hula. Na ce wa yaron ya fassara kalma da kalma. Sai na ji ya furta kalma biyu tak, dattijon ya yi murmushi, wanda ya tabbatar mini cewa an ci amanar tafinta. Dole na tuɓe hular, na fito na zauna a kan matakala ina ɗaura takalmi, hular tana gefena baki sama, sai wata tsohuwa mai sanda ta tsaya, ta dube ni da idon rahama, ta jefa kwabon yuro guda a ciki, ta wuce. Ni da ke fitar da zakkar gero dami-dami! Na rasa a wane babi na fiƙihu zan sa wannan kuɗi, tsintuwa ce ko sadaka, don haka na sa shi aljihu sai na sami mai fatawa.

Daga nan muka wuce Fantiyon, ginin da Sarki Hadiriyan ya ɗaga tun wajen shekarar 125 ta Miladiyya, aka mai da shi majami'a a 609, shekara guda kafin fara saukar wahayi. Ƙubba ce mai ban tsoro, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, amma sun bar kafa mai faɗin kusan mita 9 a ƙololuwarta, ruwan sama na zubowa ciki, maimakon kuwa su toshe sai suka huda daɓen ƙasa don ya tsiyaye. Na ce bandir ɗaya na kwano zai kashe maganar. Yaron ya yi kamar bai san ni ba.

Majami'ar Bitrus, wadda aka shafe shekara 120 ana gininta, daga 1506 zuwa 1626, ba ni da abin cewa a kanta sai tasbihi. Ƙubbarta dai matakala 551 ce, kuma can sama hanyar takan tsuke, bango ya karkato a kan mutum, ta yadda babbar riga mai sitaci ba ta da hurumi. Hannun rigar na dama ya maƙale, na hagu ya rufe fuskar wani Bajapane da ke bayana, jama'a suka taru har ƙasa suna magana da harsuna iri-iri, ni kuwa ina ta hailala, sai da yaron ya naɗe ni ya tura.

Ga yunwa, ga gidajen abinci a rufe tun bayan azahar, ba su buɗewa sai magariba ta wuce. Da aka buɗe muka zauna, aka fara kawo wani jan nama yankakke siriri, kamar kilishin da ba a kai ga wuta ba. Na yi bisimilla na miƙa hannu, yaron ya damƙe wuyan hannuna ya ce cinyar alade ce. Na nuna taliyar da maƙwabcinmu ke ci, mai ƙwai, ya ce a ciki akwai kumatun alade. Lalle nassin Suratul Ma'ida ya halatta mana abincin Ahlul Kitabi, amma wanda bai je Rum ba bai san yadda dabba guda za ta iya ɓuya a kowace tukunya ba. Daga ƙarshe muka daidaita a kan taliya da cukun tumaki da masoro. Na tauna na ji tana da sauran ƙashi a tsakiya, na ce a mayar ta nuna. Mai kawo abincin ya dafe ƙirji, ya ɗaga ido sama, ya yi wani dogon jawabi wanda yaron ya taƙaita da cewa haka ake cinta. Na cinye, na ƙara faranti na biyu don ƙoshi, ina shirin hamdala sai ga gasasshen kifi da dankali, wai taliyar share fage ce, yanzu za a fara.

Aka rufe da gahawa a ƙoƙon da bai kai kurɓi biyu ba, sannan takardar kuɗi, wadda har gurasar da ban nema ba an lissafa. Yaron ya ce ladabi ne a bar wa mai hidima ɗan abin goro. Na zaro kwabon tsohuwar nan na ajiye a faranti, na sa hulata, na ce in akwai hisabi a kansa, to, su ƙarata tsakaninsu Rumawa.