Ire-iren Masu Satar Fasaha, Daga Takarda Zuwa Waya

Satar fasaha ita ce kwafar aikin wani, littafi ne ko fim ko waƙa, a yaɗa shi ko a sayar ba da izinin mai shi ba. A Nijar hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin mallaka, a Najeriya kuma an sa hannu kan sabuwar doka a 2023. Amma a Gangara ta jihar Maradi, kamar sauran garuruwan da ke kallon fina-finan Kano suna karanta littattafanta, kusan kowa da tasa dokar, kuma duk yadda aka juya ta mai ita takan wanke. Ga fitattun rukunonin.

Na farko shi ne mai auna sata da nauyi. A wurinsa abin da ake riƙewa a hannu shi ne dukiya. Idan yaro ya zare littafi daga rumfar mai sayarwa ranar kasuwa, shi ne kan gaba wajen ihun ɓarawo, alhali wayar da ke aljihunsa cike take da fina-finan da bai san wanda ya kashe kuɗin shirya su ba. Hujjarsa ba ta canjawa: me aka rage wa mai shi, tunda nasa yana hannunsa?

Na biyu shi ne mai turi, wanda ya fi kowa ban sha'awa. Shagonsa ya ƙunshi tsohuwar kwamfuta, faifan sola a kan rufi, da tarin wayoyin da ake caji kowace da 'yar lambarta. A nan ake cika memori da Labarina da Izzar So da fassarar Indiya ta Algaita, dala kaza kowane kashi. Sana'arsa na cikin abubuwan da suka kwantar da cinikin faifai a Ƙofar Wambai ta Kano, har masu shirya fim da dama suka koma YouTube. Bai taɓa kiran kansa ɓarawo ba, yakan ce wahalarsa da kuɗin data ake biya. Abin da ke tayar masa da hankali shi ne ya hango wanda ya tura wa fim yanzun nan ya tsaya a bakin shagon yana raba wa abokai ta Xender. Nan take yakan leƙo ya ce, “Haba ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah mana! Wannan ai cin haƙƙi ne.”

Na uku mai neman lada ne. Shi littattafan addini yake kai wa mai fotokofi, ya raba kyauta, yana kafa hujja da cewa ba a ɓoye ilimi. Ra'ayin nasa yana da tushe, domin kafin injin ɗab'i da hannu ake kwafar littafi a ƙasar Hausa, mai kwafar ma yakan sa sunansa a ƙarshe ya roƙi addu'a. Sai dai majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin marubuci abin kiyayewa ne a shari'a. Idan aka gaya masa haka, yakan ce malamai sun yi saɓani, ya ƙara kwafi goma.

Sai marubuciya mai Allah-ya-isa. Magabatanta, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, a takarda suka yi suna, lokacin da littafi guda kan zagaye unguwa ta hanyar aro da haya har bangonsa ya cire, ba wanda ya kira hakan sata. Ita kuwa a WhatsApp take sayar da labarinta shafi-shafi, kuma kafin a kai ga jarumar labarin sai an wuce dogon gargaɗi cewa duk wadda ta fitar mata da shi ba ta yafe ba har gaban Allah. Tana da gaskiya, don sau da yawa kafin gari ya waye an watsa shi a zauruka, wani ma ya karanta shi a YouTube yana karɓar kuɗin talla. Hoton da ke bangon littafin dai na wata jarumar Indiya ne, wadda ba a nemi izininta ba.

Abokiyar tafiyarta ita ce mai karatu da tsoron tsinuwa. Ba ta biya, ba ta kuma son alhaki, saboda haka takan tsallake shafin gargaɗin da sauri don kada idonta ya sauka a kansa.

Akwai kuma mai aro, dattijon da ke ganin karatun waya lalacewar zamani ne. Bai taɓa sauke komai daga intanet ba. Littafin Magana Jari Ce da ke cikin akwatinsa kuwa, da hatimin wata makaranta a shafin farko.

Na ƙarshe shi ne mai tarawa. Duk littafin da aka jefo a zaure sai ya sauke, na fiƙihu da na girki da na koyon Faransanci, har wayar ta fara kukan ba wuri. Cikinsu duka shi ne mafi ƙarancin cutar da marubuta, domin da ma ba zai saya ba, kuma ko ɗaya bai buɗe ba.