Uku Kacal, Bazazzagi?

Gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga bawansa, Bazazzagin da ke dillancin albasa a kasuwar Sandaga. Labari ya iso mana New Bell cewa ka yanke shawara: daga yau har ƙasa ta rufe idonka, marubuta uku kaɗai za ka riƙa karantawa. Madalla. Mu Kanawan Duwala mun yi murna, don da ma ba mu san ka kai uku ba.

Na farko, ka ce, Abubakar Imam. Na biyu Aliyu Namangi, mai Infiraji. Da aka tambaye ka na uku sai wata motar albasa ta shigo daga Marwa, ka ruga kana kiran 'yan dako. Bari in cika maka: na ukun kai ne da kanka, mawallafin littafin bashin nan mai maiƙo da kake ɓoyewa ƙarƙashin buhu. Shi kam kana bitarsa safe da yamma, har da sharhi a gefe.

Namangi na bar maka shi. Naku ne, kuma makahon da ya ga abin da masu ido suka kasa gani ya cancanci a zauna da shi har tsufa. Amma Imam fa? Ka zaɓe shi ne don kana zaton ɗan garinku ne. A Kagara aka haife shi a 1911, a Katsina ya yi karatu. Aiki ne ya kai shi Zariya, inda ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ku dai masaukin baƙi kuka bayar, kuma ko wannan mun gode.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, mutumin da ka fake da shi don ka daina karatu, shi bai daina ba. Magana Jari Ce ba a zaure ɗaya aka haɗa ta ba. Imam ya kwaso daga Alfu Laila, ya kwaso daga tatsuniyoyin Turawa da labaran Gabas, ya sa musu riga da hula har suka zama Hausawa a bakin aku. Da ya tsaya kan marubuta uku, da yanzu ba ka da na farko.

Ban ƙi ra'ayin gaba ɗaya ba, kada ka je kana yi da ni a rumfar mai shayi. Malamanmu na zaure sun ƙare rayuwarsu tsakanin Ahalari da Iziyya da Risala, kowace bita da sabon abin da suke tsinta. Sai dai kai da kanka ba ka sayen buhu sai ka farke goma ka latsa, ka sansana. Marubuta nawa ka farke kafin ka ce waɗannan ne na ajiya?

Ga Balaraba Ramat Yakubu ta Kano da Alhaki Kuykuyo Ne. Na san sunan garin ne ke hana ka taɓawa. To, ga na ƙasar da ta ba ka abinci. Mongo Beti ya fitar da Ville cruelle a 1954 da sunan Eza Boto, labarin saurayin da ya kai kokonsa birni masu awo suka ce ba shi da kyau. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan kaya yana kallon wani na karya musu daraja zai ji wannan a ƙirjinsa. Ga kuma Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, garin albasarka, wadda Les Impatientes ɗinta kan auren dole da zaman kishi ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandaren Faransa a 2020. Kada ka ce Faransanci ya fi ƙarfinka. Ranar da aka ƙara maka kuɗin rumfa, ai babu harafin takardar da ya tsere maka.

Hukuncin ubangida ke nan: zaɓenka bai karɓu ba sai ka karanta waɗannan ukun. Ranar Juma'a bayan an sauko daga babban masallacin New Bell ka biyo ta gida ka karɓa, ka zo da kwandon albasa a matsayin jingina.