Tsegumi: Wa Ya Cire Fitowar Darakta Daga Teyatur ɗin Ƴan Makaranta?

Ku matso kusa, maganar ba ta lasifika ba ce. Daga Galmi har Tsarnawa, duk fadar da aka ɗora butar shayi a makon nan hirarta ɗaya: makon al'adun wata makarantar sakandare da ke bakin kwalta tsakanin Malbaza da Kwanni. Sunanta ba zai fito daga bakina ba. Wanda bai sani ba ya tambayi ɗan kabu-kabun da ya kai shi kasuwar Dogarawa.

Kun san yadda abin yake. Kafin ƴan ajin ƙarshe su tunkari jarrabawar BEPC, akan ba yara ƴan kwanaki su sha iska. A yi ƙwallo tsakanin aji da aji, a yi kokawa, a yi ranar shigar gargajiya, inda za ka ga ɗan Ba'adare ya naɗa rawanin Buzaye yana tuntuɓe da takobin kara. Daren ƙarshe kuma na teyatur ne, mai waƙa da rawa, kuma shi ne daren da iyaye da tsofaffin ɗalibai ke cika fili. A nan aka yi ta.

Bari mu fara da amarya. Majiyata, wadda ke sayar da ƙanƙara a bakin ƙofar makarantar kuma kunnenta ya fi na kowa tsawo, ta ce tun farkon atisaye yarinya ɗaya ce ke fitowa a amaryar wasan, ɗiyar wani mai dashen albasa a fadamar Maggiya. Murya gare ta, in ta ɗauki waƙa har masu wucewa kan tsaya. Ana saura kwana kaɗan sai aka wayi gari an canza ta da ɗiyar wani Alhaji. Wane Alhaji? To, wanda ya biya kuɗin hayar janareto da lasifikoki. Sai dai sabuwar amaryar, Allah Ya ba ta kyau da leshi, bai ba ta maƙogwaro ba. Dabarar da aka yi ita ce a ɓoye ta farkon a bayan zana da makirufo, ta gaban tana motsa baki. Abin ya tafi daidai har lokacin da ta bayan zanar ta yi tari, ta gaban kuwa tana murmushi. Matan da ke layin gaba ba su bar wannan ta wuce ba.

Amma ba wannan ta kawo ni ba. Akwai wani yaro siriri a ajin ƙarshe da Allah Ya hore wa kwaikwayo. Tafiyar darakta, gyaran muryarsa kafin ya yi magana, yadda yake ɗaga gilashi zuwa goshi sannan ya yi ta neman sa a aljihu, duk yaron ya haddace. Malamin da ke shirya wasan ya ba shi fitowa guda, inda wani shugaban makaranta ke korar yara saboda kuɗin karo-karo alhali shi ma mai shago na bin sa bashin sukari. An ce wani daga cikin malamai, irin masu kai rahoto kafin a tambaye su, ya je ya fesa. Washegari aka kira mai shirya wasan ofis, ya fito da takardarsa an ja wa shafi biyu jan biro.

Ni dai a nan na ga gazawa. Ranka ya daɗe darakta, wannan ƙasar fa ita ce ta wasan kara, wanda a Damagaram talaka kan yi shigar manyan gwamnati ya kwaikwaye su a bainar jama'a, su kuma su yi dariya. Yaranmu na tashe kowane azumi suna tsokanar gwauro da mai rowa, ba wanda ya kai ƙara. Zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, mulkin soja ne mai zafi, amma ƙungiyoyin samariya sun hau dandamali a gasar matasa ta ƙasa sun yi wasa da ma'aikacin da ke cin hanci da ɗan kasuwa mai ɓoye hatsi. Yazi Dogo, wanda shi kansa malamin makaranta ne, da abokan wasansa na Damagaram sun sa Nijar duka dariya a talabijin da irin wannan. Kujerar da ta kasa jure wa ɗan shekara goma sha shida, ai sai a duba ƙafafunta.

To, yaron bai yi gardama ba. Aka mayar da shi maigadi, fitowar da ba ta da ko kalma ɗaya. Da lokacinsa ya yi, ya ratsa dandamali daga wannan gefe zuwa wancan, hannu a baya, ya tsaya, ya yi gyaran murya, ya shafa goshi, ya laluba aljihu. Fili ya kece. Ba a bakina kuka ji ba, amma an ce wadda ta fi kowa riƙe ciki ita ce uwargidan mai kujerar.

Sai manyan baƙi, tsofaffin ɗalibai. Sun zo daga Yamai da Tawa, har da waɗanda albasar Galmi ta kai Abijan da Kwatano, kowa cikin shadda mai ɗaukar ido, an yi anko, an yi hotunan da za a watsa a WhatsApp. Wani ya karɓi makirufo ya yi jawabi mai tsawo da Faransanci a gaban iyayen da suka zo kallon wasan Hausa, ko ya manta cewa tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a dokance. Ya yi alkawarin tebura da buhunan siminti. Wata dattijuwa ta ce da maƙwabciyarta, da muryar da ta isa layi uku, wai na bara ma suna hanya. Kamfanin simintin yana nan Malbaza, ko a amalanken jaki aka ɗoro shi da ya iso.

Wannan kam ba ta dariya ba ce. Ƴan ajin farko a makarantar har yanzu a rumfar zana suke karatu, kuma ba wanda ya manta gobarar irin waɗannan azuzuwan a Yamai cikin Afrilun 2021 da ta Maraɗi cikin Nuwamban shekarar, waɗanda suka ci ran yara sama da 40. Kuɗin ankon da aka ɗinka a wannan makon da ya aza harsashin aji ɗaya.

Ma'ajin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, an ce littafin karo-karo yana hannunka, a karanta shi a gaban iyaye kafin yara su shiga jarrabawa. Shi kuma darakta, baɗi a mayar wa yara shafukansu biyu.