Baba Bai Biya Ba

Jiya abin ya faru, kuma har yanzu matata in ta kalle ni sai ta toshe baki da mayafi.

Ina da ɗan yaren kwamfuta da na ƙirƙira da kalmomin Hausa. Madauki ɗaya gare shi, "muddin": muddin sharaɗi na nan, a yi ta maimaitawa. Da ya ishe ni, tunda yaren Go ma tun 2009 da madauki ɗaya yake harkarsa. Masu Python kuwa an kai musu shawarar sabon madauki a 2003, suka yi ta jan ta har 2013, sannan mai yaren, Guido van Rossum, ya ce a'a. Ni a dare ɗaya, da shayi kofi biyu, na ƙara nawa: "ƙirga daga 1 zuwa kaza". Dabarar malalaci na yi. Na sa ya riƙa rikiɗa zuwa "muddin" a ɓoye, layin da ke ƙara ɗaya kuma na liƙa shi can ƙasa.

Sai ga taron dangi kan gudummawar bikin ƙanwar matata. Na ce a ajiye littafi, zamani ya zo. Na jona kwamfuta da talabijin ɗin falon surukina.

Baba ne na 4 a jeri. Uban amarya ba ya gudummawa, don haka na rubuta cewa in an zo kansa a tsallake. Akwai ɗan saƙon gwaji da na manta ban goge ba. Shi kuwa "tsallake" aikinsa ya bar duk abin da ke ƙasa ya koma sama, har da layin ƙara ɗayan nan nawa. Lamba ta kafe a 4.

Baba bai biya ba.
Baba bai biya ba.
Baba bai biya ba.

Da manyan baƙaƙe, yana gudu kamar an ɓalle famfo. Baba ya laluba aljihu ya saka tabarau. Wannan saka tabarau shi ke hana ni barci: a hankali, kunne ɗaya, sannan ɗayan. Gwaggo ba ta yi boko ba, sai ta ce wa jikanta, "Me aka rubuta?" Yaron, Allah ya yi masa albarka, ya shiga karantawa da ƙarfi, layi bayan layi, da muryar hadda.

Na san Ctrl da C ake dannawa tare. Yatsuna suka ƙi sani. C kaɗai nake ta duka.

"Ka hura mata iska," in ji Kawu. "Zafi ta ɗauka."

"Ba zafi ba ne, Kawu."

"To sauya tasha."

Ya ɗauki rimot da kansa, ya ƙure sauti, ya gyaɗa kai kamar an samu ci gaba. Daga nan ya sunkuyo ya raɗa mini, raɗar da har tsakar gida aka ji: "Kai yaro, na'ura ba ta ƙarya. Ka biya masa mana, ko ta yi shiru."

Baba bai ce uffan ba. Ya sake laluba aljihu, ya zaro dubu biyar, ya ɗora a kan kwamfutar, ya koma ya zauna yana kallon talabijin.

Jikan Gwaggo ya ja numfashi, ya ce, "Baba bai biya ba."